Hawa keken tsere a ƙauyukan bakin kogin Kano: tambayoyin da aka fi yi mini

Tun da muka fara fita da kekuna wajen Kura da Bunkure ranakun hutu mutane ke ta aiko da tambaya, wasu ta waya wasu in mun haɗu a gari, kuma kusan duk tambayoyin iri ɗaya ne, shi ya sa na ga gara in tattara su wuri guda in amsa. Abin da nake so ka riƙe tun daga nan shi ne hanyoyin nan da muke ta yabo ba don mu aka yi su ba, na manoma ne da ke kan neman abincinsu, mu baƙi ne a kai. Yawancin amsoshin da ke ƙasa daga nan suka taso.

Wai ina ne ma wurin da kuke zuwa ɗin?

Kudu da birnin Kano ne, yankin da ake noman rani da ruwan Tiga, wato ƙananan hukumomin Kura da Garun Malam da Bunkure, in ƙafa ta yi ƙarfi a zarce Rano ko Bebeji. Shi kogin Kano daga duwatsun kudancin jihar yake tasowa wajen Riruwai, ya ratso dajin Falgore, a Tiga aka tare shi da madatsar da aka gina zamanin Audu Bako aka gama a 1974. Daga nan babban kanal ke ɗaukar ruwa ya kai tafkin Ruwan Kanya, sannan ya rarrabu ƙanana ƙanana ya shiga gonaki, kuma ba inji ke tura shi ba gangara ce kawai. Ragowar kogin ya ci gaba ya haɗu da na Challawa, su wuce Wudil su nufi Haɗeja har can tafkin Chadi.

Abin da ya shafe mu a nan shi ne duk inda aka ja kanal sai an bar hanya a gefensa don masu kula da ruwa da masu kwasar amfanin gona, to waɗannan hanyoyin da kuma ƙananan titunan da suka haɗa ƙauye da ƙauye su ne muke bi.

Me ya sa sai can? Ba ga tituna nan a cikin gari ba?

Ɗan'uwa ka taɓa gwada tuƙa keke daga Ɗangi zuwa Hotoro da ƙarfe takwas na safe? Hannunka ba zai bar birki ba, ga a daidaita sahu na tsayawa a gabanka ba sigina, ga hayaƙi. A can kuwa sai ka yi tafiya mai tsawo ba ka ji hon ko ɗaya ba, ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce babu hawa mai wahala, kuma a tsakiyar rani lokacin da ko'ina ya bushe ya yi fari, can kore ne shar, alkama da tumatir da albasa da masara da shinkafa iya ganinka, ga balbela na bin masu huɗa. Iskar ma daban take saboda ruwan da ke kusa. Ni dai wallahi ko don wannan kaɗai ya isa mutum ya sha wahalar fitowa da asuba.

Ta ina zan bi daga Kano?

Nan ne matsalar take, don kafin ka isa wurin shiru sai ka bi wurin da ya fi ko'ina haɗari, titin Zariya. Daga Na'ibawa ka wuce gadar Tamburawa ka isa Karfi, in ka miƙe Kura ce a gabanka, kusan kilomita 30 daga gari, gaba kuma Kadawa da Kwanar Gafan. In ka karya a Karfi ka hau titin Bunkure wanda ya wuce Rano, kuma da ka bar babban titi za ka ji bambanci nan take.

Shawarata in kana da hali kar ka tuƙa wannan ɓangaren ma sam. Cire tayar gaba ka sa keken a but ɗin mota ko ka yi ciniki da mai a daidaita sahu ya kai ka Karfi ko Kura, daga nan ka hau. Tun da aka gyara titin Zariya motoci gudu suke kamar ba gobe, ga tireloli da tankoki, iskar da tirela ke turowa in ta wuce ka kusa ta isa ta jefa ka gefe. In kuma dole sai ka tuƙa, to ku kasance da yawa, layi ɗaya ɗaya a can gefen dama, da fitila ja mai ƙiftawa a baya, kuma ku fita da sassafe kafin manyan motoci su yi yawa. Kar ka taɓa bin hannun da ba naka ba wai don ka riƙa ganin motar da ke zuwa, masu mashin na yi amma ba dabara ba ce.

Kwalta ce ko burji? Keken tsere zai iya kuwa?

Gauraye ne. Titunan da suka haɗa manyan garuruwa kwalta ce, wani wuri sumul wani wuri ramuka da gefen da ruwa ya cinye. Na gefen kanal kuwa burji ne ko ƙasa zalla, in ta bushe ta daddale keken tsere na tafiya lafiya lau, amma akwai inda za ka tarar da yashi ya taru tayar gaba ta nutse, akwai kuma inda ruwan ban ruwa ya ɓalle ya mai da hanya taɓo ko da a watan Fabrairu ne. Za ka riƙa cin karo da tiyon injin ban ruwa an ja shi ya ratsa hanya, wannan kar ka taka shi da gudu, kuɗi mai shi ya sa ya saya, rage gudu ko ka sauka ka ɗaga keken. Ƙananan gadojin da ke kan kanal ma da yawa ba su da abin kariya a gefe kuma sirara ne.

To keken tsere zai iya, amma ba da siririyar tayar nan mai milimita 23 ba. Sa mafi faɗin da firam ɗinka zai ɗauka, 28 ko 32 in ta shiga. Kuma kar ka cika iska ta yi tauri kamar yadda ake yi a kwalta mai kyau, ga mai matsakaicin nauyi a taya mai milimita 28 wajen 65 zuwa 75 a ma'aunin famfo, layin da aka rubuta psi, ya wadatar, in ta yi tauri da yawa duk girgizar hanya a wuyan hannunka da bayanka za ta ƙare, in ta yi laushi da yawa kuma ka faɗa rami wili ya cije tiyub ya huda shi wuri biyu.

Sai na sayi keke mai tsada?

A'a. Mutanen yankin da Phoenix da Hero da tsofaffin Raleigh suke bin hanyoyin nan kullum, wani da buhun taki a kariya wani da kwandon tumatir, kuma suna isa inda za su. Na hannu mai kyau daga 'yan kwatano ya ishe ka. Abin dubawa shi ne girmansa ya dace da tsayinka, birki na kamawa gaba da baya, wili bai karkace ba, firam ba tsagewa musamman wajen walda. Sirdi kuma ka ɗaga shi yadda in feda ta kai ƙasa gwiwarka za ta kusa miƙewa amma ba ta miƙe gaba ɗaya ba, yawancin masu kukan ciwon gwiwa sirdinsu ne ya yi ƙasa. In kuɗin ya rage hular kwano za ka saya kafin komai.

Ance faci ya yi yawa a can, gaskiya ne?

Gaskiya ne, kuma wannan ita ce tambayar da na fi so mutum ya tsaya ya karanta. Babban mai laifi tsidau ne, ɗan tsiron nan da ke shimfiɗuwa a ƙasa gefen hanya, 'ya'yansa duk yadda suka faɗi akwai tsini ɗaya da ke kallon sama. Sai kashin yawo, sai ƙayar bagaruwa da ta aduwa da farar ƙaya waɗanda manoma ke sarowa su yi shinge don dabbobi, in an ja reshen a kan hanya sai ya bar ƙayoyi a baya. Lokacin kaka zuwa hunturu da ciyawa ta bushe abin ya fi tsanani. Dabarar farko ita ce ka bi sawun da mashina da kekuna suka riga suka daddale, kar ka riƙa sauka gefe cikin ciyawa, in kuma ka tura keken ka shiga inuwa ka huta to kafin ka hau juya tayoyin ka shafa ka cire abin da ya maƙale tun bai shige ba.

Na biyu, kar ka dogara da mai facin ƙauye, ba don bai iya aiki ba, wallahi wasunsu sun fi na gari hannu, sai don kayanka ba irin nasa ba ne. Bawul ɗin keken tsere siriri ne mai ɗan noti a kai, bakin famfonsa ba zai kama ba sai da 'yar adafta, ƙaramar aba ce mai arha, saya ka ɗaura a jikin makullinka. Tayarka kuma lambar girman wilinta 700 ce, tasa ta manyan kekuna mai inci 28 ce ta da, suna kama da juna a ido amma wilin nasa ya ɗan fi naka girma, tayarsa ba za ta zauna a naka ba. Don haka in taya ta yage a bayan Bunkure babu inda za ka samu sai Kano.

Abin da ba na fita ba tare da shi ba: tiyub biyu, faci da sholisho, ƙarfen cire taya, ƙaramin famfo, alanki, da ɗan yankin tsohuwar taya da za a sa ta ciki a toshe in taya ta tsage. Kuma dan Allah koyi cire taya da mayarwa a gida a tsakar gidanku, ba sai rana ta take a bakin kanal ba. In ka cire tiyub ɗin da ya fashe, bi cikin tayar da yatsa a hankali har ka gano ƙayar, in ba haka ba sabon da ka sa ma minti biyar ba zai yi ba.

Wane lokaci ne ya fi a shekara?

A wurina daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Ruwa ya ɗauke, hanyoyi sun bushe, safiya da sanyi, noman rani ya kankama gonaki sun yi kyau. Sai dai hunturu na da nasa, ranar da hazo ya sauko sosai direba ba ya hango ka sai ya zo dab, ƙurar kuma na shiga ƙirji, mai asma kam ranar ya haƙura. Sa tabarau, rufe hanci, shafa man kaɗanya a leɓe. Akwai kuma wani abu da sababbi ba sa lura da shi, iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, to kai da ka nufi kudu daga Kano tana bayanka tana tura ka, sai ka ji ƙafa ta yi sauƙi ka yi ta tafiya kana jin daɗi, sai ka juyo gida ka tarar da ita a fuska ga gajiya ga rana ta ɗaga. Lissafa dawowa tun kafin ka yi nisa, rabin ƙarfinka bai isa dawowa ba, bar mata fiye da rabi.

Maris zuwa Mayu bazara ce, zafi na haura digiri 40, in za ka fita to ka tabbata ƙarfe tara zuwa goma ka sauka daga keke. Damina daga Yuni zuwa Satumba ƙasar ta fi kowane lokaci kyau ga shinkafa ko'ina, amma hanyoyin ƙasa sun zama taɓo mai kama taya ya cushe tsakanin birki da wili har keken ya ƙi juyawa, sai ka tsaya a kwalta kawai, kuma in ka ga hadari ya haɗo daga gabas nemi rumfa tun da wuri, fili ne fetal ba wurin fakewa ga tsawa. Watan Agusta kar ka gwada tsallaka ruwan da ya hau kan hanya.

Ƙarfe nawa ya kamata in fita?

Da an idar da sallar asuba gari ya fara wayewa. Dare kuma a'a, ko kana da fitila.

Ruwa da abinci fa?

Gora biyu a jikin keke, ka riƙa kurɓa tun ba ka ji ƙishi ba, kamar gora ɗaya duk awa, in da zafi fiye da haka. Fiya wata ana samu a kusan kowane ƙauye mai shago amma tsakanin gonaki babu, don haka duk inda ka gani cika gorarka ko ba ta ƙare ba. Gumi ba ruwa kaɗai yake fitarwa ba har da gishiri, shi ya sa wani zai sha ruwa ya ƙoshi amma ƙafa ta riƙa ɗaurewa. Gora ɗaya ka yi mata haɗin da ake yi wa yara masu gudawa, lita ɗaya na ruwa, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri, ko ka sayi na leda a kemis. In ka ji jiri ko ciwon kai ko tashin zuciya, ko ka ga gumi ya tsaya alhali rana na dukanka, sauka nan take ka shiga inuwa ka jiƙa kai da riga, wannan ba wurin nuna jarumta ba ne.

Abinci kam ba ka da matsala. Dabino da ƙuli-ƙuli ko gyaɗa a aljihu, a hanya kuma ga ƙosai da kunu da safe, ga waina, ga rake, ga gasasshiyar masara a Karfi, ga fura da nono in ka dace. Ni na fi son in saya a can maimakon in ɗauko komai daga gari, ɗan cinikin nan shi ke sa gobe in an gan ka a san ka. Riƙe canji ƙanana, kar ka dogara da tiransifa don sabis na ɗaukewa.

Zan iya yin wanka a kanal in zafi ya dame ni? Na ga yara na yi.

Kar ka yi. Na farko ruwan manyan kanal ya fi yadda kake gani ƙarfi, gefensa siminti ne mai gansakuka, in ka zame babu abin kamawa, ana rasa rayuka a haka. Na biyu tsargiya. Ƙwayar cutar a jikin ƙananan dodon koɗi take rayuwa a ruwan da ke tafiya a hankali, ta fito ta huda fata ta shiga jiki ba sai ka sha ba, bayan wani lokaci mutum ya fara fitsarin jini, kuma sananniyar cuta ce a wuraren noman rani. Tana da magani a asibiti amma me ya kai ka. Ban da haka ruwan da ya fito daga gona ya kwaso taki da maganin feshi, don haka ko wanke fuska da ruwan gorarka za ka yi.

Yaya zan yi da shanu da amalanke da masu shanya a kan titi?

To nan ne ake gane wanda zai daɗe yana zuwa da wanda zai ɓata mana suna. Keken tsere ba ya ƙara, kana iya zuwa da gudun kilomita 30 a awa ba wanda ya ji ka, tsohon da ke tafe da fartanya a kafaɗa ko yarinyar da ta ɗauko tallan abinci zuwa gona ba su san kana bayansu ba sai ka wuce fuu, su firgita. Sa ƙararrawa, in babu yi sallama da ƙarfi tun daga nesa, ka rage gudu. Sannu da aiki baba, sannunku da rana, Allah ya ba da amfani, ba za ta rage maka komai ba, kuma mutumin da ka gaisar da safe shi ne zai ɗauko ka a mashin in wili ya karye da rana.

Garken shanu in yana tsallaka hanya tsayawa ake yi cak, ka sauke ƙafa ka jira, kar ka kutsa tsakiyarsu kar ka yi ihu, saniya mai ɗan maraƙi ba ta da wasa. Gai da makiyayin, sau da yawa shi da kansa zai buɗe maka hanya da sandarsa. Amalanken shanu ko jaki ba ya iya kaucewa da sauri kuma kayan da ya ɗauko kan fi shi faɗi, kai ne za ka kauce. Awaki da kaji a cikin ƙauye ba su da alƙibla, ka shiga gari da gudun da za ka iya tsayawa nan take, dama yawancin ƙauyuka sun yi tudun rage gudu da kansu saboda an sha buge musu yara.

Shanya kuma, lokacin kaka za ka ga an baza shinkafa ko masara ko barkono a gefen kwalta an jera duwatsu. Na san tana cin hanya, na san duwatsun na da haɗari, amma wannan guminsa ne na wata huɗu ko biyar kuma ba shi da wani dandamalin da ya fi kwaltar. Duba bayanka ka zagaye, kar tayarka ta taɓa. Haka lokacin tumatir daga wajen Janairu zuwa Afrilu, kusa da Kwanar Gafan da Kadawa hanya na cika da kwanduna da motocin da ke lodi zuwa kudu, direbobin sauri suke don kayan gwari ba ya jira, ba su hanya kawai. Kuma dan Allah kar ka tsinki ko tumatir ɗaya a gonar mutum, in ka tambaya sau da yawa sai an cika maka aljihu an ƙi karɓar kuɗi.

Yara za su biyo ka da gudu suna ihu, wasu har bature suke kira saboda hular kwano da tabarau. Ɗaga musu hannu ka rage gudu har su gaji, kar ka ƙara wuta suna gefenka, kuma kar ka jefa musu alawa ko kuɗi kana tafiya, haka ake koya musu faɗawa gaban abin hawa.

Dole sai na sa matsattsen wandon nan?

Amfaninsa soson da ke ciki ne da ke hana sirdi goge ka, a doguwar tafiya yana taimakawa sosai. Amma a ƙauye shiga da shi haka tsirara ake ganinsa kuma suna da gaskiya, ga shi ba za ka iya tsayawa sallah da shi ba. Sa shi a ciki ka ɗora wando mara nauyi da ya rufe gwiwa, in dogo ne ɗaure ƙafar dama da roba kar cen ya kama. Riga mai haske da ake hangowa daga nesa, ba baƙa ba.

Ni mace ce, zan iya zuwa?

'Yar'uwa za ki iya, motsa jiki ba na maza kaɗai ba ne. Amma ba zan ɓoye miki ba za a kalle ki, wani ma ya yi magana, don ba a saba gani ba. Ki zo da muharraminki ko cikin ayarin da kika yarda da shi, dogon wando da riga mai saukowa, hijabi gajere wanda ba zai kai wili ba don dogo in ya shiga taya faɗuwa ce mai muni, hular kwano kuma tana zama a kan ɗankwali in an sassauta maɗaurin. Ki fara da hanyoyin gefen kanal inda mutane ba su da yawa.

Tsaro fa?

Yankin Kura da Bunkure da Garun Malam wuri ne mai jama'a, da wuya ka yi nisa ba ka ga mutum a gona ba, wannan kansa kariya ce. Duk da haka ba a fita mutum ɗaya, aƙalla ku zama uku, a gida a san inda kuka nufa da lokacin dawowa, waya da caji a cikin aljihu ba a maƙale a kan keke kowa na gani ba. Kafin ku shiga hanyar da ba ku sani ba ku tsaya wurin mai shayi ko 'yan acaɓa ku tambaya, matambayi ba ya ɓata, kuma su suka san abin da ya faru jiya. Kudu da Tiga wajen dajin Falgore kuwa ban ba kowa shawarar shiga da keke ba.

Ban taɓa doguwar tafiya ba, kilomita nawa zan fara da shi?

15 zuwa 20, zuwa da dawowa. Za ka ga kamar kaɗan ne amma mazaunai ne za su fara gaya maka gaskiya kafin ƙafa. Yi haka sati biyu ko uku sannan ka riƙa ƙara kaɗan kaɗan. Yi amfani da giya mai sauƙi ƙafa na juyawa da sauri, ya fi ka sa mai nauyi kana dannawa da ƙarfi, gwiwa ba ta son wannan. Mai hawan jini ko ciwon suga ko ciwon zuciya ya ga likita tukuna.

Ana iya zuwa Tiga a dawo rana ɗaya?

Ana iyawa amma ba aikin sabon shiga ba ne, daga Kano kusan kilomita 70 ne zuwa kawai, ka ga 140 ke nan, kuma dawowar cikin rana za ta kama. Wajen Rano ƙasar ta fara ɗan hawa da sauka ga duwatsu, ba kamar Kura ba. Abin da ya fi shi ne mota ta kai ku Bunkure ko Rano ku hau daga nan, ko ku tuƙa zuwa mota ta dawo da ku. In kun isa madatsar akwai wuraren da ma'aikata ba sa bari a shiga, ku tambaya kafin ku hau ko ku ɗaga waya.

Hoto fa, ba laifi?

Gona da ruwa da hanya ɗauki abinka. Mutum kuwa sai ka nemi izini, mata masu aiki a gona ma bar su kawai kar ka tambaya.

Da azumi kuna fita?

Doguwa a'a. Wanda ya matsu ya yi 'yar gajeriya kusa da gida bayan la'asar sakaliya yadda zai dawo dab da shan ruwa. Shekarun da azumi ya faɗo a bazara kuwa jingine keken ya fi.

In na dawo me zan yi wa keken?

Ƙurar burji in ta haɗu da mai sai ta riƙa cin cen da haƙoran giya a hankali, shi ya sa bayan kowace fita ka goge cen da tsumma, in ya yi baƙi ƙirin wanke shi da kananzir ka bari ya bushe, sannan ka ɗiga mai kaɗan a kowace gaɓa ka goge na sama. Baƙin man inji da aka juye daga mota kar ka sa, ƙura yake kwasa. Kar ka kai shi wurin wankin mota a harba masa ruwa mai ƙarfi, yana shiga boris ya wanke giris, bokiti da soso sun isa. Duba roban birki ko ƙananan tsakuwa sun maƙale a ciki don su ke zage wili, sannan ka bi tayoyin biyu da ido ka cire ƙayar da ta shiga rabi, yawancin facin da ake tashi da shi da safe daga tafiyar jiya aka kwaso shi. Tiyub ɗin da ya fashe a hanya kuma ka yi masa faci a daren nan ka mayar cikin jaka.